Zanen Sugan Baffa

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Sati na biyu ke nan ina kwance. Likita ta ce ban da babur, ban da doguwar tafiya, ban da tsayuwa a gaban aji, sai wanda ke tafe ya iso lafiya. Cikin wata shida yanzu. Na bara da na bara waccan ba su kai nan ba. Ba zan sake rubuta wannan maganar ba.

Makaranta sun ba ni hutu, 'yan ajina na kwamfuta sun koma hannun wani malami. Abin da ya rage mini shi ne wannan littafi da zanen sugan Baffa, mahaifina.

Tun da ciwon suga ya kama shi na haɗa masa jadawali a kwamfutata. Ƙanena Mudassir, da ke zaune da shi can ƙauyenmu a gefen dajin Falgore, shi ke huda masa yatsa kowace safiya, ya sa lambar a wani ɗan fom da na yi masa a waya, ya turo. Lambar sai ta faɗa gidanta a shafin da na sa wa suna Awo. A shafin farko kuma na yi zane mai shuɗin layi, na haɗa shi da waɗannan gidaje. In lamba ta hau layi ya hau, in ta sauka ya sauka. Daga nan Bebeji nake ganin jikin Baffa.

Yau layin a kwance yake. Alhamdu lillahi.

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar

Na kira wayar Mudassir don in gaisa da Baffa. Matarsa Saude ce ta ɗauka. Ta tambayi jiki, na tambayi yara.

Na ce, "Ba ni Baffa."

"Ya fita wajen shanu, Adda."

Ina jin ruwa na dukan kwanon ɗakinsu kamar ana zuba tsakuwa. Baffan da ko yayyafi aka fara sai ya shige ɗaki yana kukan gwiwa. Na ce to, in ya dawo a kira ni. Ba a kira ba.

Juma'a, 9 ga Agusta, da la'asar

Na daɗe yau ina kallon zanen. Tun da na fara shi bai taɓa kwanciya haka ba. Da kamar haƙoran zarto yake, musamman safiyar Asabar, don ran Juma'a Baffa ba ya dawowa daga masallaci sai ya zauna da tsofaffin abokansa an dama fura, kuma in ya tashi zuba suga ba wanda ya isa ya riƙe masa hannu. Ga shi lokacin sabuwar masara ne. Amma tun tsakiyar watan jiya lambobin ba sa matsawa daga kusa da ɗari da ashirin. Na buɗe shafin Awo na bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka suke, a jere, kamar 'yan makaranta ranar zuwan sufeto.

Na nuna wa maigidana Hafizu da ya dawo daga aiki. Ko zama bai yi ba.

"Khairi, mutum ya samu sauƙi ki ce ba ki yarda ba?"

"Malam, na san Baffa."

"To ya ji magana ne. Rufe abin nan, likita ta ce ki rage tunani."

Ya karɓi kwamfutar ya ɗora a kan firji, inda sai na miƙe zan ɗauko.

Asabar, 10 ga Agusta, da safe

Safiyar Asabar, ɗari da ashirin. Ƙarya ne.

Litinin, 12 ga Agusta, da hantsi

Na san wanda ke yi. Mudassir yana fama da gonar masararsa, daga asuba ya fita. Ya gaji da huda yatsa, sai ya zauna a kan babur ya ƙirƙiri lamba ya turo don in bar shi ya sarara. Tun yana yaro haka yake, a aike shi duba maraƙi ya dawo ya ce suna nan alhali bai je ba.

Na kira shi. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Mudassir, tsakaninka da Allah kana auna Baffa?"

"Kullum, Adda."

"To me ya sa lambobin suka zama iri ɗaya?"



"Adda, wallahi duk lambar da na turo, ita injin ya nuna. Ban taɓa ƙarawa ko ragewa ba."

"Ni za ka rantse wa? Ga su nan a gabana."

"To ki duba da kyau."

Ni ce zan duba da kyau. Ni da na koya masa kunna waya. Na faɗa masa maganganu, har na ce in Baffa ya yi masa nauyi ya faɗa, a kawo mini shi nan. Bai rama ba. Na ce ya ba ni Baffa, ya ce yana barci.

Da hantsi. Baffa.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan magariba

Hafizu bai dawo ba sai yanzu. A ofishin injin shinkafa yake aiki a Kwanar Dangora, kwalta ce tun daga ƙofarsu har nan, amma babur ɗin ya dawo da jan taɓo har kan sirdi. Ya ce ta'aziyya suka je cikin Kiru. Na tambayi wa ya rasu, ya faɗi wani suna da ban taɓa ji ba.

Da na karɓi rigarsa zan rataye, warin maganin wanke ƙasa na asibiti na ji. Wannan wari ba mai koya mini shi.

Wayarsa ta yi ƙara sau biyu muna cin abinci. Duka biyun a zaure ya amsa.

Alhamis, 15 ga Agusta, da la'asar

Baffa ya kira da kansa. Muryar a can ƙasa, amma shi ne.

"Dada," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "An ce kina ta faɗa da ƙanenki."

"Baffa, ya jikin?"

"Lafiya lau nake. Saniyarki mai farin goshi ta haihu, mace."

"Baffa, ina kake yanzu? Ina jin hayaniya."

"Mutane ne. Ki kwanta yadda aka ce miki, kin ji? Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Ya sake cewa Allah ya yi miki albarka. Na ce amin. Ya sake faɗa, sannan wani ya karɓe wayar ya kashe.

Baffa ba mai yawan magana ba ne. Sau ɗaya yake sa albarka ya wuce.

Na buɗe zanen. Layin a kwance yake.

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Hafizu ya fita tun asuba. Wayar Mudassir a kashe. Ta Saude a kashe.

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan azahar

Baturiya ta zo. 'Yar rugar da ke bayan ƙauyenmu ce, aure ya kawo ta wajen Tiga, takan biyo da nono in ta shigo gari. Na shimfiɗa mata tabarma. Tana auna mini man shanu take cewa:

"Ya ƙafar Baffa kuwa? Mun ji ƙaya ce ta soke shi tun lokacin shuka, ta ƙi warkewa."

"Wace ƙafa?"

Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli cikina, ta mayar da ludayin cikin ƙwarya.

"Kai, ni da ruɗewa. Ina jin Baffan su Ladan ake nufi, na can gangare."

"Baturiya."

"Wallahi tsufa ne ke damuna, Khairi. Bari in tashi, hadari na haɗuwa."

Sararin sama fes yake. Ko canjinta ba ta tsaya karɓa ba.

Da Hafizu ya shigo na ce masa Baturiya ta zo. Ya ce madalla, ta kawo nono mai kyau? Na ce ta kawo. Na zuba masa ido, shi kuma ya zuba wa kwanon tuwo ido.

Talata, 20 ga Agusta, da hantsi

Kowa lafiya yake ce mini. Saude ta ce lafiya. Mudassir ya kunna waya, ya ce lafiya, ya ce caji zai ƙare. Goggo ta kira daga Doguwa, wadda sai Sallah take kirana, don kawai ta ji ya nake. Matar maƙwabci ta shigo ta zauna ta ƙi tafiya, kamar an sa ta gadi.

Wani abu kuma. Jiya da yamma na kashe kwamfuta da caji cike, na ajiye ta a gefen gado, bakinta na kallon bango. Yau da safe bakinta na kallon ƙofa, kuma cajin ya ragu.

Ko ni ce na fara zarewa? Likita ta ce hawan jini na sa mutum tunane-tunane.

Layin a kwance yake. Na tsani shuɗin nan.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan azahar

Zan rubuta yadda abin ya faru.

Ina kwance na tuna akwai wani zane na biyu. Bara na yi shi a shafin ƙarshe, don nuna wa likitan Baffa in an je ganinsa: sanduna ne a tsaye, kowace sanda matsakaicin awon sati guda. Na manta da shi sam, ba wanda ke zuwa shafin. Na buɗe.

Sandunan kamar matakala suke. Kowane sati ya fi na baya tsawo. Na ƙarshen har ya kusa fita daga zanen.

Zane biyu, mutum ɗaya, wurin ɗaukar lamba ɗaya. Ba yadda za a yi ɗaya ya kwanta ɗaya ya hau. Na yi abin da nake koya wa 'yan aji biyar: in ba ki yarda da zane ba, danna shi ki tambaye shi daga ina yake ɗauko lambobinsa. Na danna shuɗin layin, ya nuna mini shafin Awo. Na danna sandunan, na bi lissafin da ke ƙarƙashinsu, suka nuna wani shafi wai shi Tsoho.

Ban taɓa yin shafi mai suna Tsoho ba, kuma ba ya cikin jerin shafukan da ke ƙasa. Na nemi a nuna mini waɗanda aka ɓoye. Ga shi nan.

Shafina ne na asali. Aka canza masa suna aka ɓoye shi, aka yi wani mai kama da shi aka sa masa Awo, aka cire shuɗin layin daga na gaskiya aka haɗa shi da na bogi. Wanda ya yi bai san da sandunan ba. Su kuma suna haɗe da gidajensu na asali, da aka canza wa shafin suna sai suka bi shi.

Lambobin Mudassir duk suna nan, ba fashi. Ɗari biyu. Ɗari biyu da tamanin. Ɗari uku da wani abu. Ranar da na zage shi, ya haura ɗari huɗu. Ki duba da kyau, ya ce.

Na ƙarshen ran Larabar da ta wuce ne. Daga nan gidajen ba komai.

Mudassir bai iya wannan aikin ba, ko sunan shafi bai san ana canzawa ba. Saude ba ta taɓa riƙe kwamfuta ba. Mutum ɗaya ne ya san lambar sirrina, kuma ni na koya masa yadda ake haɗa zane da gidajensa, a kan tabarmar nan, watan da muka tare.

Laraba, da yamma

Hafizu ya dawo da kankana da balangu. Na ci. Ina tsoron tambayar, don ina tsoron amsar.

Daga nan gidajen ba komai.

Alhamis, 22 ga Agusta, da hantsi

Da ya dawo daga masallacin asuba na rufe ido kamar ina barci. Ya tsaya a kaina ya ɗan saurara, sannan ya ɗauki kwamfutar ya fita tsakar gida. Na ba shi lokaci, na tashi na bi shi ba takalmi.

Yana zaune a kan turmi, ya buɗe shafin bogin, yatsansa na kan madannai yana tunanin lambar da zai ba Baffa yau.

Na ce, "Sa ɗari da sha tara. Jiya ka sa ɗari da ashirin da ɗaya."

Ya kusa yar da ita. Na karɓa na zauna a bakin rijiya. A gabansa na fito da ɓoyayyen shafin, na danna shuɗin layin, na goge inda ya haɗa shi, na mayar da shi kan gidajensa na gaskiya. Nan take layin ya miƙe tsaye, ya yi ta hawa, ya je ya tsaya cak a Laraba.

"Malam, abu ɗaya zan tambaye ka. Baffa na da rai?"

"Yana da rai. Wallahi yana da rai, Khairi."

Ya zo zai riƙe ni, na ce ya tsaya inda yake ya yi magana.

Ƙaya ce, kamar yadda Baturiya ta faɗa. Ta ruɓe. Baffa ya ƙi asibiti, ana ta sa masa maganin gida. Da sugan ya fara hawa ya kira Hafizu ya ce ya san ina kallo, kuma ya san in na gani zan taho ko da ƙafa ne. Ya sa shi ya rantse. Ya ce wa Mudassir ya daina turowa, Mudassir ya ce shi ba zai daina ba kuma ba zai tura ƙarya ba. Shi ne Hafizu ya yi abin da ya yi. Ran Laraba suka ɗauke shi da ƙarfi zuwa wani asibiti a Tudun Wada. Ran Juma'a aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa.

Na ce, "Kullum da safe kana ganin lambobin suna hawa."

"Ina gani."

"Sati nawa?"

Ya ce, "Na binne biyu da hannuna, Khairi. Da Baffa ya ce in zaɓa tsakanin faɗa miki da cikin nan, ban iya faɗa miki ba."

Na shige ɗaki na sa sakata.

Juma'a, 23 ga Agusta, da azahar

Da na ce sai na je ganin Baffa, likita ta yi faɗa, ta ce in dai dole ne to a mota, a kwance a baya, a tafi a hankali, a dawo a ranar. Na canza lambar sirrin kwamfuta.

Asabar, 24 ga Agusta, bayan magariba

Mun je mun dawo.

Mudassir na fara gani a baranda, ya rame, yana wanke kwano. Ya miƙe ya ce, "Adda." Na ce, "Na duba da kyau." Ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Baffa na gadon ƙarshe kusa da taga. Zanen da aka rufa masa ya tashi a gefe ɗaya, ya kwanta a ɗayan. Sau ɗaya na kalli wurin.

Na durƙusa zan gaishe shi, ya daka wa Saude tsawa ta ba ni kujera.

"Wa ya ce ki zo?"

"Ba wanda ya ce, Baffa."

"Taurin kai irin na mai sunanki."

Na ce, "Baffa, da an bar ni na gani tun farko, da na sa an kawo ka kafin ta kai haka."

"Na sani. Da kin hau babur cikin ruwa kin biyo hanyar Falgore. Ko ba haka ba?"

Na gyaɗa kai, don haka ne.

"To. Ni na ga jikokin wasu, na ga 'ya'yan Mudassir, saura naki. Ƙafar nan ta kai ni Adamawa ta dawo da ni, ta yi aikinta. Kar ki riƙe mijinki, ni na ɗaure shi."

Hafizu na tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba har muka tashi.

Likitan ya wuce ta gabana sau biyu. Na so in tambaye shi, da an kawo shi da wuri fa? Ban tambaya ba. Ba zan tambaya ba.

Litinin, 26 ga Agusta, da safe

Mudassir ya karɓi awon daga wurin nas ya turo. Ɗari biyu da goma. Layin ya sauko kaɗan, a karkace, mummuna. Na daɗe ina kallonsa.

Muna gaisawa da Hafizu. Ina kwana, lafiya lau. Ya ce an ce ruwa ya cinye gadar wajen Kiru, na sami kaina ina tunanin wa zan tambaya in tabbatar.

Alhamis, 29 ga Agusta, da la'asar

Yau ranar awona. Shi ya kai ni, a motar maƙwabci.

Nas ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, fuskar injin na kallonta. Hafizu na tsaye a bayanta. Injin ya gama kukansa, ta kalla, shi ma ya leƙa, suka haɗa ido.

"Lafiya lau, Hajiya," ta ce. "Ya sauka."

Na ce, "Juyo mini da shi in gani."

Ta yi dariya, ta ga ba dariya nake ba. Ta kalli Hafizu. Shi ne ya miƙa hannu ya ɗauki injin, ya zagayo, ya riƙe mini shi a gaban fuskata da hannu biyu, har na gama karantawa na sake karantawa.

Gaskiya suka faɗa. Ya sauka.

Bai ajiye ba sai da na ce masa ya isa.